Idan Jira Ya Kama Ki a Bakin Iyakar Jibiya

  

Uwargida, yau hirar tafiya za mu yi. Idan kin taɓa zuwa aikin Hajji, ko kin zauna kusa da wata Hajiya tana ba da labari, kin san ba a cikin jirgi aka fi gajiya ba. Daga nan zuwa Jidda 'yan sa'o'i ne a sama. Abin da ke karya mutum shi ne zaman jiran jirgin, a sansanin alhazai ko a filin jirgin Jidda, inda sai a yini, wani lokaci har a kwana, ana zaune a kan jaka. To, ba kowace ce cikinmu Allah Ya kira Makka tukuna ba, amma akwai irin wannan zaman a nan kusa da mu, wanda kusan kowane gida a ƙasar Katsina yana da wadda ta taɓa ɗanɗana shi. Ina nufin zaman jira a Magama ta Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar.

Wace ce ba ta da dangi a Maraɗi, ko Madarunfa, ko Ɗan Isa? Ko ke ba ki da su, maigida yana da su. Biki ya taso, ko suna, ko rasuwa, sai a ce ki shirya. Daga Katsina zuwa Jibiya bai kai kilomita 50 ba, daga can zuwa Maraɗi ma kusan haka ne. A lissafi, tafiyar da za ki karya kumallo a gidanki ki ci abincin rana a gidan biki. Amma a tsakiyar hanyar nan akwai iyaka, iyaka kuwa ba ta san sauri ba. A ɓangarenmu ga jami'an shige da fice, ga kwastan, ga masu binciken miyagun ƙwayoyi, ga ma'aikatan lafiya. Idan an tsallaka kuma ga 'yan sandan Nijar, ga jandarmomi, ga 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu. Ko takardunki a cike suke, motar haya ba ke kaɗai ta ɗauko ba. Fasinja ɗaya ya samu matsala, duk kun zauna. Ranar Lahadi kuwa, da kasuwar Jibiya ke ci, cunkoso ya fi na kullum.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Wata shekara, cikin bazara, na tafi biki Maraɗi. Mun bar Katsina da hantsi. Muna isa bakin iyaka taya ta fashe, safayar direban kuma ashe babu iska. Kafin a gyara, aka ce wani fasinja ya manta takardarsa a cikin garin Jibiya, ya hau babur ya koma. Muna nan har bayan La'asar. A gefena akwai wata yarinya, amarya ce da cikin fari, wan mijinta ne ya rako ta. Tun safe nake miƙa mata ruwa tana cewa, “Na gode Hajiya, ba na jin ƙishi.” Kowa ya sauka ya nemi inuwa, ita tana cikin mota, ta lulluɓe har ido. Wajen ƙarfe uku sai na ga kanta ya langaɓe a jikin kujera. Da muka fito da ita muka yi mata fifita, ta farfaɗo, sai ta raɗa mini a kunne cewa tun Azahar fitsari ya matse ta, shi ya sa ta ƙi shan ruwa, kuma ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa wan mijinta ba.

Kin ji fa. Babu wanda ya hana ta ruwa, babu wanda ya hana ta sauka. Kunya ce. Ni kuwa ba zan ce miki kunya aibi ce ba, da ita aka san 'yar mutunci. Sai dai macen da ta saba da cikin gida, inda randa ke nan, banɗaki ke nan, babu idon kowa, idan ta tsinci kanta a bakin titi cikin maza, abin da ta fi yi shi ne ta ƙanƙame jikinta ta hana shi duk abin da yake buƙata. A nan cutar take. Don haka shirin zaman jira tun daga ɗakinki ake fara shi.

Mu fara da ruwan. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin yankin nan yakan haura maki 40 a ma'auni, cikin mota da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa. Jikinki yana zubar da ruwa ta hanyar gumi ko kin motsa ko ba ki motsa ba, ballantana kina cikin hijabi mai kauri. Ciwon kai, jiri, bushewar leɓe, fitsari ya yi ja ya ragu, duk jiki ne ke ce miki ruwa ya yi ƙasa. Riƙe fitsari na tsawon sa'o'i kuma yana ba ƙwayoyin cuta damar taruwa a mafitsara, sai ki dawo gida da zafin fitsari da ciwon mara ki ce sanyi ne ya tashi. Ga mai ciki abin ya fi haɗari. Ki tafi da ruwanki a jarka ko gora mai murfi, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ki jira sai ƙishi ya kai ki maƙura. Idan ya ƙare ki sayi na leda ko na gora wanda ba a buɗe ba.

“To Hajiya, in na sha ina zan kewaya?” Na san tambayar da ke bakinki ke nan. Amsar tana wurin matan wajen. A duk bakin iyaka akwai mata masu tuwo-tuwo, masu awara, masu fura, waɗanda nan suke yini kullum. Su ma ai mutane ne, suna da inda suke zuwa. Ki yi wa dattijuwar cikinsu sallama ki ce, “Inna, don Allah ina mata ke kama ruwa a nan?” Za ta nuna miki, ko banɗakin kuɗi ne, ko na masallaci, ko wani gida da ke kusa. Ki ja wata fasinja mace ku tafi tare, ɗaya ta tsare wa ɗaya. Butarki ƙarama da ɗan guntun sabulu da zane guda na ƙari su kasance a jakar hannu, kada su shiga but a ɗaure su a ƙarƙashin buhuna. In kuwa wanda ya rako ki surukinki ne ko wani da kike jin nauyi, ai Hausa ta ba ki mafita. Ce masa, “Yaya, zan je in yi alwala.” Babu namijin da zai tambaye ki ƙarin bayani. Mafi kyau ma tun a gida ki roƙi maigida ya faɗa wa mai rakiyar cewa duk inda aka tsaya ya nema miki wurin mata.

Kada kuma ki yini a dunƙule a kujera. Motocin hanyar nan kin san yadda ake cusa mutane. Zama wuri ɗaya ƙafa a lanƙwashe yana sa jini ya taru a ƙafafu, su kumbura, wani lokaci har jinin ya daskare a jijiya, musamman ga mai ciki, da mai jego, da mai jiki. Duk bayan sa'a ɗaya ko biyu ki sauka ki ɗan taka, ko daga mota zuwa gindin bishiya ne. In ba hali, ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga yatsun ƙafa. Idan bayan tafiya kika ga ƙafa ɗaya tak ta kumbura, tana zafi tana ciwo, wannan ba na man zafi ba ne, asibiti za ki.

Yara kuma su suka fi saurin galabaita. Ko da wasa kada a bar yaro yana barci cikin mota a rufe, ko na minti goma ne. Jinjirin da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, ki dai yawaita ba shi, ke kuma ki sha ruwa. Hijabinki ai ɗaki ne, ki juya baya ki shayar da ɗanki, ba abin kunya ba ne. Na sama da haka ki tafi musu da abin da ba ya lalacewa a zafi, kamar dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, dambun nama, biskit. Abincin da aka bari a buɗe ƙuda na bi, da furar da ba ki san ruwan da aka dama ta da shi ba, ki haƙura da su ko yaro ya yi kuka. Ki jefa ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda biyu a jaka. In gudawa ta kama yaro babu shi, ki samu ruwa mai tsabta lita 1, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali, ki riƙa ba shi. Idan kika ga idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka babu hawaye, a bar zancen biki a nemi asibiti mafi kusa.

Sai salla, wadda na ga mata da yawa suna tara ta har su isa masauki, wai babu wuri. Uwargida, addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiyar da ta kai mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, ana yi mata kasaru, Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Wadda ta taso daga Katsina ko Kano za ta Maraɗi ta shiga wannan hukunci, kuma zaman da ta yi a bakin iyaka bai fitar da ita daga matafiya ba, tunda ba ta yi niyyar zaman kwana huɗu a wurin ba. Amma 'yar cikin garin Jibiya da za ta Maraɗi tafiyarta ba ta kai ba, sai ta cika. Idan babu ruwa, ko ɗan wanda ya rage na shan yara ne, ga ƙasa nan mai tsarki, ki yi taimama. Dardumarki ko ɗankwali mai tsabta, bayan mota ko gefen rumfar mai abinci, ya wadatar. Kafin ranar tafiya ki sa malamarku ta Islamiyya ta ƙara warware miki wannan babi, har da yadda ake haɗa salla biyu a kan hanya.

To, an sha ruwa, an yi salla, mota ba ta tashi ba. Me za a yi da sauran lokacin? A nan kam mu matan cikin gida mun fi maza. Namiji in ya yi sa'a ɗaya a tsaye sai ya fara zagaye yana tsaki yana duba agogo. Mu kuwa mun san yadda ake cika yini da aikin hannu. Mai ɗinkin hula ta tafi da hularta da zare, mai saka ta tafi da kwarashinta, ba su da nauyi. Carbinki na hannu. Littafin Hausa guda a jaka, ko na marubutan nan mata na Kano, ko tsohon Magana Jari Ce na Abubakar Imam ki karanta wa yara. Wayarki ma tana da rediyo, a bakin iyaka za ki iya kamo tashoshin Katsina, ki kuma laluba na Maraɗi irin su Anfani ki ji yadda suke tasu Hausar. Sai dai ki tausaya wa batir, kada yara su cinye shi da wasa. Ki kira gida tun kina ɓangarenmu ki ce ga inda kuke, domin da an yi nisa cikin Nijar layin Nijeriya yakan ɗauke, in ma ya kama kuɗinsa da tsada. Lambar wanda za ki wurinsa ki sa a rubuta miki a takarda, da 227 a farkonta, wato lambar ƙasar Nijar. Waya takan mutu, takarda ba ta mutuwa.

Ni abin da na fi so a irin wannan zama shi ne hira da yara, don wuri ne da za su ga abin da ba sa gani a tsakar gida. Ku ƙirga tireloli, ku ƙirga amalanken shanu, ku yi kacici-kacici. In yaro ya tambaye ki, “Umma, me ya sa aka tare mu alhali su ma Hausa suke yi?” kina da amsa. Ki ce masa Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja wannan layi, a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, suka raba ƙasar da take ɗaya. Ki ce masa bayan jihadin Shehu Usmanu, da Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807, zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina arewa suka yi, suka kafa mulkinsu a Maraɗi, shi ya sa har yau ake ce wa sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi. Ko ruwan da ke wucewa ta Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi, ya zagaya ya sake dawowa Nijeriya. Ruwa dai ba a tambayarsa takarda.

Ki kuma yi amfani da zaman ki koyi kuɗinsu wurin wata 'yar Nijar da ke cikin motar, don kada a yi miki dariya a kasuwa. Su sefa suke kashewa, kuma da dala suke ƙirge. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tallar ta ce miki “ashirin”, sefa 100 take nufi. In ta ce “ɗari”, 500 ke nan. Jika ɗaya kuma sefa 1,000. Canji kuwa ki bar wa mai rakiyarki ya yi wurin 'yan canjin da aka sani, kada ki kwance bakin zane a bainar jama'a.

Yanzu ki matso da rediyon kusa, don wannan ita ce maganar da ba na so ta wuce ki. Hira da baƙuwa a wurin jira tana da daɗi, sau da yawa ma a nan ake ƙulla zumuncin da zai daɗe. Amma duk daɗin hirar, kada ki karɓi saƙon kowa ki tsallaka da shi. Wata za ta zo da fara'a, “'Yar uwa, don Allah riƙe mini ƙullin nan, kayana sun yi yawa, in mun wuce zan karɓa.” Masu safarar ƙwayoyi irin su tiramadol sun san ba a cika tsananta wa mace mai hijabi da goyo ba, shi ya sa suke neman irinki. Ranar da aka buɗe ƙullin, a hannun wanda aka same shi shi ne mai shi a idon hukuma, ita kuwa mai fara'ar ta ɓace. Ki ce, “Yi haƙuri, maigida ya hana ni,” ki tsaya a nan. Haka in an ce ki ce yarinyar nan 'yarki ce har a wuce shinge. Hanyoyin iyakar nan na cikin waɗanda masu fataucin mutane ke bi da 'yan mata zuwa Agadas, daga can a nufi Libiya ko Aljeriya, kuma tun 2003 Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman, NAPTIP, don yaƙi da wannan. Saboda haka ne ma jami'ai ke yawan tambaya a kan yara. Naki ki tafi da takardar haihuwarsu. In ɗan riƙo ne ko ɗan kishiya, a samu 'yar takarda daga mahaifinsa da lambar wayarsa. In an tambaye ki, ki amsa da bakinki a natse, sunanki, inda za ki, wurin wa. Rufe fuska da yin shiru shi ke jawo zargi ya tsawaita zaman. In ana son ganin fuskarki ko a duba jikinki, kina iya roƙo cikin ladabi a haɗa ki da jami'a mace.

Batun takardu kuwa, kada ki dogara da “ai da can haka muke wucewa.” Iyakar nan ta sha sauyi a 'yan shekarun nan. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ce ta sauƙaƙa zirga-zirga tsakaninmu shekara da shekaru. Don haka kafin a sa ranar tafiya, maigida ya leƙa ofishin shige da fice ya ji takardar da ake karɓa a lokacin, ya kuma tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, a yi shi da wuri, domin sai allurar ta kwana 10 katin ke fara aiki, amma in kin yi sau ɗaya ya ishe ki har ƙarshen rayuwa. Duk takardun nan a leda guda, a jikinki, ba a cikin akwati ba. Wajen dawowa kuma kada kwaɗayin arha ya sa ki ɗauko buhun shinkafar waje, kwastan na kama ta, ki jawo wa mota guda zaman da ba a shirya ba.

Ana nan ana aikin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya aka tsara zai bi. Allah Ya nuna mana ranar da za mu hau. Kafin nan dai, ki fita da sassafe. Kin san halin da yankin Jibiya ya shiga na 'yan bindiga a shekarun nan, hanyar ba ta dare ba ce. Idan jira ya kai ku har rana ta yi ja, ki buɗe baki ki ce wa mai rakiyarki gara a kwana. Tun daga gida ku san gidan da za ku sauka a Jibiya ko a ɗaya ɓangaren in hakan ta faru, ki kuma sa kayan kwana ɗaya na yara a jakar hannu, ko da kuna sa ran isa da rana tsaka.

Waccan amarya da na ba ki labari, da muka isa Maraɗi bayan Magariba, wan mijin nata ya zo har inda nake yana ta godiya. Ya ce wallahi shi ma tun rana yake so ya tambaye ta ko tana buƙatar wani abu, nauyinta ya hana shi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake haɗa dambun nama da zai yi makonni bai lalace ba.